Manhajata tana mutuwa, saƙo ɗaya tak take bari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wata manhaja da yaren C a kan Linux. Wani lokaci sai ta yi awa biyu lafiya lau, sannan ta mutu kwatsam, ba abin da take bari sai "Segmentation fault". Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Manhajarka ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba, sai Linux ya aika mata sigina ta 11 ya kashe ta. Saƙon kansa ba zai kai ka ko'ina ba. Gawar kake buƙata, wato fayil ɗin core, wanda ke adana duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar manhajar a daidai lokacin da ta faɗi.

Sau da yawa ba a ajiye shi sai ka ba da izini. Rubuta ulimit -c unlimited kafin ka kunna manhajar. Idan na'urarka tana da coredumpctl, wato umarnin duba fayilolin core da aka adana, duba can, wataƙila ma an riga an ajiye maka.

Amma kafin nan, sake haɗa manhajar (wato compile) da gcc -g -O0, sannan ka kunna ta ka jira ta sake mutuwa. In babu -g, ba za ka ga lambar layi ko ɗaya ba. Kuma kada ka sake haɗa ta bayan ta mutu sannan ka buɗe tsohon core da sabuwar. Abin da za ka gani shirme ne. Na sha ganin wanda ya ɓata yini guda a kan wannan.

Buɗe manhajar da fayil ɗin core tare a cikin gdb, manhajar binciko kurakurai, da gdb ./manhaja core, ka rubuta bt full. Zai jero maka wane aiki ne ya kira wane, har zuwa layin da ta faɗi.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Idan jerin ya ƙare a cikin malloc ko free, wato ayyukan da ke ware wuri a ƙwaƙwalwa da kuma sakinsa, kada ka ɗora musu laifi. Galibi ɓarnar ta faru tun da daɗewa: ka rubuta fiye da wurin da aka ware maka, ko ka yi amfani da wurin da ka riga ka saki. Wannan awa biyun da ka ambata ita ta sa nake zargin haka. Haɗa ta da -fsanitize=address; za ta yi nauyi kusan ninki biyu, amma za ta tsaya a ainihin layin da aka yi ɓarnar.

In wata rana ta mutu ba core, rubuta echo $? nan take don ka ga lambar da ta fita da ita. Idan 137 ka gani maimakon 139, wadda ita ce lambar "Segmentation fault", kashe ta aka yi da ƙarfi, sau da yawa saboda ƙwaƙwalwa ta cika. Sai ka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kansa.