Kwaɗon da ke kan gem da fasuwod ɗin shago

Jiya ina tsakiyar canza fankar wata na'ura ka ce mani, "Maigida, me ke sa alamar kwaɗon kulle ta fito a kan gem ɗin da mutum ya saya da kuɗinsa? Kuma me zai hana mu tura wa mutumin Daura fasuwod ya buɗe abinsa a gida, maimakon ya sha hanya?" Ban tanka maka ba, don raina ne ya ɓaci. Rabin farko tambaya ce ta mai son koyo. Rabin ƙarshe kuwa, da ba a gabana ka tashi ba, da jiya ka bar shagon nan.

Wanda ya sayi gem ta intanet a na'urar wasa ta PS4 izini ya saya, izinin kuma yana rataye da akawun, ba da na'ura ba. Kowane akawun na'ura ɗaya tak yake ɗauka a matsayin ta gida. A kanta kowa sai ya buga, ko da sabis ko babu. A kan duk wata na'ura dabam sai an shiga akawun ɗin, kuma sai da intanet, domin a riƙa duba izinin. Data ta ƙare, ko sabis ya yi ƙasa, ba da jimawa ba ga kwaɗo. Yadda ake buɗe akawun da loda kati ba zan ɓata yawuna a kai ba, wata takwas kana kallona.

A azumin 2023, lokacin da ake wahalar takardun kuɗi, ina da akawun guda da na yi shekara huɗu ina tarawa. Gem goma sha huɗu ne a ciki, kowanne da gumina na saye shi. FIFA 23 kaɗai dala 60 ce, kuma ka san mu nan sai mun sayi kati a hannun 'yan kasuwa da farashin bayan fage. Ga kuɗin PlayStation Plus na shekara da na biya, don in babu shi FIFA ba ta buguwa da mutanen waje. Babbar na'urar shago ita ce ta gida, ita ke ciyar da ni.

Sai ga wani matashi, fes da shi, shadda tana ƙyalli, gaisuwa har da rusunawa. Ya ce in sa mashi akawun ɗin a tasa a matsayin ta biyu, ya biya ba ciniki. Da hannuna na shigar da fasuwod, ya juya baya ma don kada ya gani. Wannan juya bayan shi ya cuce ni. Bayan kwana tara, ana gab da shan ruwa, ya kira ni murya a sanyaye, wai na'urar ta fitar da shi, ga abokansa sun taru, shi kuma yana Jibiya ba halin zuwa. "Baba, don girman watan nan ka taimaka." Ina riƙe da kofin kunu na karanto mashi fasuwod harafi bayan harafi.

Washegari na kunna babbar na'ura, yara sun cika benci suna jiran layi, sai na ga kwaɗo a kan FIFA. Na matsa gaba, kwaɗo. Duk goma sha huɗun. Ashe cikin daren ya canza imel, ya canza fasuwod, ya shiga shafin kamfanin ya danna wurin da ke cire dukkan na'urori daga akawun, wanda sau ɗaya ake iya dannawa a wata shida. Da na'urata ba ta kan intanet da labarin bai iso ta ba, amma kullum a jone take saboda yaran nan ba sa yarda su buga da na kusa da su. Kuma ban sa tabbatarwa ta lambar waya ba, wadda da ita ce za ta tare shi a ƙofa. Na kira lambarsa, a kashe. Na nemi ƙwato akawun ɗin, to da adireshin Amurka na buɗe shi kamar yadda kowa ke yi a nan, imel ɗin farko na manta yadda ake shiga, sayar da gurbi a akawun kuma dama ba abu ne da ƙa'ida ta yarda da shi ba. Da wane baki zan yi ƙara? Satin Sallah, satin da mai gidan gem ke haɗa kuɗin haya, na yi shi da tsofaffin faifai. Daga baya wani ya kawo mani gyara daga Ƙofar Ƙaura, na kunna, na ga sunan akawun ɗina a kan na'urarsa. Sayar mashi aka yi. Har yau in na tuna rusunawar nan sai in ji abinci ya fita raina.

Ina jin ku samari kuna zagin masu sa kwaɗon, kuma ba duka kuka yi kuskure ba. Wanda ya biya kuɗi shi ke neman sabis a bakin taga, wanda aka fasa wa tsaron na'ura a kan tsohuwar manhajarta ta 9.00 yana kwance yana bugawa ba data. Ba ku kaɗai ke wannan kuka ba. A 2013 da aka ce na'urar Xbox One sai ta leƙa intanet kowace awa 24, 'yan wasa suka yi ca, ba a rufa wata ba aka janye maganar. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe kwamfutocin da ke riƙe da gem ɗin tseren mota The Crew, har mai faifai a hannu ya zama ba shi da komai. Wannan ba daidai ba ne, ko a gaban wa zan faɗa.

Amma ku ɗin ne dai ke zuwa ku ce in fasa maku na'ura in cika ta da gem, kuma kuna son buga onlayin. Ba a gudu ana susar takashi. Fasasshiya ba ta shiga PSN, wato dandalin onlayin na PlayStation, sai an sabunta ta, in ta sabuntu fashin ya tafi, komawa baya kuma ba aikin da zan yi wa kowa alkawari ba ne. Mu da muka liƙa cip ɗin Matrix don fasa PS2, waya siririya kamar gashi, da dalma da hasken fitila, mun san abin da muka taɓa. Ku kuwa kun kwana kuna zuba kuɗi a Free Fire don rigar da ba za ku taɓa sawa ba, in an rufe akawun ku zo kuna mani hawaye.

Kira mutumin Daura ka ce ya sa ta a mota ya kawo, tafiyar ba ta kai ta Kano ba. Ni zan shigar da fasuwod, kai ma ka fita waje lokacin. Kafin nan ɗauko buroshi ka share ƙurar fankar can, tun safe take kuka.