Amsar Baba ga mai shirin shiga aikin sa-kai na malaman gona

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri murya zan ajiye, idona ba ya son rubutun waya yanzu. Wani ɗana a nan ya yi tambaya jiya, ya ce an sa sunansa cikin matasan da za a horar su taimaka wa malaman gona a ƙauyensu can wajen Giwa. Yana son jin kwana nawa ake horon, nawa ake biya, kuma ko ta nan ake samun aikin gwamnati.

To ɗana, bari mu fara da ta kuɗin, don na san ita ce ta hana ka barci. Sunansa aikin sa-kai. Abin da aka saba bayarwa kuɗin mota ne da abinci ranar horo, wani shirin ya ƙara maka na kati da riga da hula. Kada ka haɗa shi da N-Power da aka fara a 2016, inda a lokacin ake biyan 'yan N-Agro, wato ɓangaren noma na shirin, naira 30,000 a wata, wancan daban ne. Tun ranar farko ka tambaye su abin da za su bayar, a gaban kowa, ba kunya a ciki. Aikin gwamnati kuwa, duk wanda ya yi maka alkawarinsa daɗin baki ya yi maka.

Dalilin da ya sa ake neman ku shi ne malaman gona sun yi kaɗan. Wannan tsari na ADP, wato shirin bunƙasa aikin gona, a Funtuwa da Gusau da Gombe aka fara shi wajen 1975 da kuɗin Bankin Duniya, lokacin Funtuwa tana jiha ɗaya da mu 'yan Kaduna, don sai 1987 aka cire Katsina. Zamaninmu a KADP, wato ADP ta Kaduna, wadda yanzu ake ce wa KADA, duk sati biyu sai an tara mu an yi mana bita, mu hau babur mu zaga manomanmu. Yau yawancinmu mun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su.

Horon kansa 'yan kwanaki ne kafin faɗuwar damina, daga baya a riƙa kiran ku tsakiyar damina da lokacin kaka. Za a nuna muku tazarar masara, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya. Za a ce taki binne shi ake yi, ba watsawa ba, NPK cikin sati biyun farko, yuriya kuma wajen sati huɗu zuwa shida. Za ka ji sunayen iri irin su SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake, na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya ne, wasunsu suna jure wuta-wuta. Sai tsutsar masara da ta shigo mana a 2016, wadda sai ka buɗe tsakiyar ganye ka ga kashinta kamar garin katako. Sai buhun PICS na ajiyar wake, leda biyu a ciki buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban, ba a zuba magani. Duk wannan ka rubuta, kada ka ce kanka zai riƙe.

Amma fa ɗana, kwana uku a aji bai mai da kai malami ba, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Shekarata ta farko, wani dattijo ya tare ni ranar kasuwa, ya ce ciyawa ta fi ƙarfinsa a gonar masara, wane magani zai fesa? Mutane sun kewaye mu, ni kuma ga sabon babur ga jaka, kai ya kumbura. Nan take na ce atirazin, har da faɗa masa ma'auni. Ban tambaye shi me ke cikin gonar ba. Ashe ya yi haɗi da wake tsakanin kunyoyi. Bayan kwana goma na je na tarar da waken nan duk ya ƙone, ganye ya naɗe kamar an babbake shi. Dattijon nan bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tsugunawa ya yi, ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Malam, wannan na kuɗin makarantar yara ne." Shekara biyu a garin nan Malam Ƙona-wake suke kirana, duk abin da na kawo sai su ce bari mu ga gonar wani tukuna.

Saboda haka babban abin da ake so a wurinka, kafin ka ba da amsa ka taka ka je gonar. In abin ya shige maka duhu, ka ce "bari in tambayo". Ku ma kun ji daɗi, ga waya, ka ɗauki hoton ganyen ka tura wa malamin gonar yankinku, ko a kai wa mutanen NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke Samaru, aikinsu ke nan.

Za kuma a ce ka yi gonar gwaji. Ka nemi bakin hanya inda masu wucewa za su gani, ka raba ta biyu, ɓangare ɗaya yadda aka koya maka, ɗayan yadda aka saba. Manomi ba ya gardama da zangarniya. In ciyawa ta cinye taka kuwa, to ka rufe bakinka har baɗi.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka tara kowa. Rajistar manoma ka rubuta na gaskiya, kada ka cika ta da 'yan gidanku don an ji ƙishin-ƙishin za a raba taki. Kada ka zama dillalin mai shagon magani. Mata kuma kada a bar su a baya, su ke riƙe da ajiya da kiwo da sarrafa waken suya, sai ka nemi 'yar'uwa cikin masu horon ta riƙa shiga gidaje. Ƙauyen da ka san hanyarsa ba lafiya, ka yi waya kafin ka kama hanya, kuma kada yamma ta yi maka a can.

Ka turo mini hoton takardar da suka ba ka in duba ko rahoton sati suke so ko na wata, don wannan shi ke gajiyar da yara su gudu. Cajina ya yi ƙasa, ga shi an ɗauke wuta tun magariba. Ka gaida mutanen gida, sai da safe.