Shin ya dace a sa ruwan kulle zare a kusoshin filawil na tsohuwar Peugeot 504?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sa ruwan kulle zare (gam ɗin da ke hana kusa kwancewa) a kusoshin filawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji) na 504 ɗinka, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Ya dace, domin girgizar inji tana iya kwance kusoshin a hankali, kuma in suka saki, sai an sauke giyabos da kuloci kafin hannu ya kai gare su.

Shuɗin Loctite 243 ya wadatar a ganina, kuma sufana tana kwance shi. Jan, wato 271, ya fi ƙarfi, amma sai an gasa shi da zafin kusan digiri 250 na ma'aunin Celsius kafin ya saki, abin da zai wahalar da bakaniken da zai buɗe injin nan gaba. Ruwan yana daskarewa ne a tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta shiga, saboda haka ka wanke baƙin mai da tsohon datti daga zaren da ramukan karanshaf, ka bari su bushe, sannan ka ɗiga kaɗan. Ka ɗaure kusoshin a gicciye, mataki-mataki, da sufanar awon ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin motar ya ƙayyade, ka kuma ba ruwan awa 24 kafin ka tayar da injin.