Amsa Ga Ɗan Ƙanena Kan Roƙon Ruwa Da Dogaro Ga Allah

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da yake damunka. Ka ce tun da yanzu hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, ga madatsun ruwa ga injinan ban-ruwa, me ya sa har yau mutanen garinmu suke fita filin Idi roƙon ruwa idan an yi fari, kuma me ya sa idan ka tambayi dattijo dami nawa yake sa ran samu, ba ya cewa komai sai "abin da Allah ya ba mu". Ka ce kana tsoron kada wannan ya zama lalaci ne aka sanya masa rigar addini. Ban ga laifinka ba, amma ina so ka fara duba waɗanda suke fita ɗin, da lokacin da suke fita.

Mutumin da kake gani a sahun roƙon ruwa shi ne wanda ya yi sassabe tun da bazara, ya yi ta kai taki gona a kan jaki ko amalanke cikin zafin rana, ya zuba irinsa a ƙasa, ya yi noman farko. Wani ma binne ya yi, wato ya shuka geronsa a busasshiyar ƙasa tun kafin a ga hadari, alhali ya san idan yayyafi kaɗan ya sauka sannan ruwa ya ɗauke, irin zai tsiro ya mutu, sai ya sake shuka. Galibi ana fita roƙon ruwa ne bayan duk wannan, lokacin da shuka ta fara yaushi, kuma babu sauran aikin da fartanya za ta iya yi. Wanda ya kai nan ya riga ya ƙarar da duk abin da yake hannunsa, saura abin da ba ya hannun kowa.

Ita kanta fitar ba kakanninmu ne suka ƙirƙiro ta ba, sunna ce da malamai suke kira sallar istisƙa'i. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana fita da hantsi, a ƙasa, cikin tufafin yau da kullum ba na ado ba, a yi raka'a biyu a bayyane, liman ya yi huɗuba yana yawaita istigfari, sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, maza su ma su juya nasu. Kafin ranar akan umarci jama'a su tuba, su mayar da haƙƙin da suka danne, su yi sadaka. A wurina wannan sashe ne ya fi nauyi, domin a nan ake tuna wa mai ɓoye hatsi yana jiran tsada, da mai tauye mudu, da wanda ya ci iyakar gonar maraya, cewa su ma suna da hannu a halin da ake ciki. Sarki da talaka suna tsayawa a fili ɗaya babu babbar riga babu algaita, kowa ya zo da buƙata iri ɗaya.

Addinin da ya koya mana roƙon shi ne kuma ya koya mana tanadi. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai a jere, a bar hatsin cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari masu zuwa, kuma har yau haka muke jera damin gero a rumbu ba tare da an sussuka ba, don ya fi daɗewa. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Dubi zakka ma: amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da wahalar ban-ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Shari'a da kanta ta lissafa gumin mutum, ba ta raina shi ba.

Game da madatsun ruwa, ni ba na cikin masu kushe su. An gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ne ya mayar da Kadawa da Kura ƙasar shinkafa da tumatir da alkama, iyalai da yawa sun daina tafiya ci-rani saboda ita. Amma mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun ga inda dabara take tsayawa. An kashe dukiya mai yawa wajen haƙa magudanan noman rani a kudancin Tafkin Cadi, sai tafkin ya ja baya ya bar su. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri. Madatsa tana tara abin da ya sauko ne kawai, hasashe kuma yana faɗin abin da ake tsammani, babu ɗayansu da yake saukar da ɗigo ɗaya.

Batun ƙin faɗin yawan dami kuwa yana da tushe a Suratul Kahfi, inda aka hana mutum ya ce zai aikata abu gobe ba tare da ya ce in Allah ya so ba, kuma a cikinta aka ba da labarin mai gonaki biyu da ya shiga gonarsa yana alfahari, aka wayi gari ta halaka. Manomi ya san tsakanin fitar kai da shiga rumbu akwai fari da tsuntsayen jan-baki da tsutsa da ambaliya. Sai dai zan gaya maka gaskiya, ba duk mai yin shiru ne yake yi don tsoron Allah ba. Wani kambun baka yake gudu, wani kuma ba ya so masu neman rance su ji.

Inda nake tare da kai shi ne akwai masu zama a gindin bishiya har ciyawa ta cinye gona, sannan su ce haka Allah ya ƙaddara. Waɗannan ba su da hujja, kuma su ne Bahaushe yake tuna wa cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Haka nan idan aka cuɗa roƙon da yanka a gindin tsamiya ko kan dutse, irin na zamanin da, wannan ya fita daga dogaro ga Allah, kuma malamai sun daɗe da hana shi.

Idan za ka zo hutu, ka taho mana da hasashen bana na ƙaramar hukumarmu, da irin geron nan mai saurin nuna da ka yi mini magana, mu gwada shi a gonar bakin rafi. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.