Tambayi likita: insulin, allurar jarirai, da yadda furotin ke gane inda aka aike shi

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon. Na fara da na wani ɗalibi, domin amsarsa ce za ta sauƙaƙa sauran.

Tambaya: Likita, ana ta cewa mu ci nama da wake da ƙwai don mu samu furotin. Shin furotin ɗin naman da na ci ne yake zama tsokata? Kuma yaya yake sanin inda zai je? (Ɗalibi, Zariya)

Amsa: A'a, ɗana. Ciki da hanji suna farfasa shi ya koma ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20, jini ya rarraba su. Kowace ƙwayar halitta ita ke ƙera nata furotin da waɗannan tubala, a wasu ƙananan injuna masu suna ribosom.

Tambayarka ta biyu ta fi yi mini daɗi. Ka taɓa aika buhu a tasha? Sai an rubuta sunan gari a jikinsa, sannan ɗan kamasho ya duba ya ce wannan na motar Sakkwato ne. Furotin ɗin da za a fitar waje daga ƙwayar halitta shi ma da adireshinsa, wani ɗan guntu a bakinsa mai amino asid kamar 15 zuwa 30. Günter Blobel, Bajamushen da ya yi aikinsa a Amurka, ya samu kyautar Nobel a 1999 saboda gano wannan. Guntun na leƙowa, sai a ja ribosom ɗin zuwa wani sashe mai lunguna kamar zanen da aka ninninke, wanda masana ke taƙaita sunansa da ER. A ciki ake yanke adireshin, a naɗe furotin ɗin ya ɗauki siffarsa, a maƙala masa sarƙar sukari, a duba shi. Wanda ya naɗu ba daidai ba a tsare shi a lalata. Wanda ya tsallake a zuba shi a 'yan jakunkuna a kai shi Golji, sashen da ke ɗauke da sunan Camillo Golgi, likitan Italiya da ya fara bayyana shi a 1898. Kamar faifai yake, an ɗora wani kan wani. Nan ake ƙarasa gyaran sukarin, a ware kaya: na waje, na bangon ƙwayar halitta, da na ɗakin narka shara. Hatta bambancin jinin A da B da O daga irin sukarin da ake maƙalawa a nan yake.

Masu duba kayan nan na ER ba su san alfarma ba, har taurin nasu kan jawo ciwo. A cutar sistik faiburosis, wadda ta fi yawa a Turawa, yawanci amino asid ɗaya tak ne ya ɓace a wani furotin, na 508 a jerinsa, sai a hana furotin ɗin wucewa kusan gaba ɗaya, majina ta yi kauri a huhu.

Tambaya: Shekara shida ina allurar insulin, na gaji. Babu ƙwayarsa ne in riƙa haɗiya? Kuma an rubuta mini gwajin C-peptide, na mene ne? (Magidanci, Maraɗi)

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Insulin furotin ne. Ka haɗiye shi, cikinka zai narka shi kamar yadda yake narka tsire. Shi ya sa tun 1922, da aka fara ba wa marar lafiya a Toronto ta ƙasar Kanada, allura ce babbar hanyarsa. Ƙwayoyin da kake gani irin su metformin ba insulin ba ne, aikinsu daban.

Gwajin kuwa, ga asalinsa. Jiki ba ya ƙera insulin a gamme. Doguwar sarƙa ake fara yi, ta bi ta ER da Golji, a kulle ta a jakar ajiya, a can a yanke tsakiyarta. Abin da ya rage, amino asid 51, shi ne insulin. Guntun da aka yanke, mai 31, shi ne C-peptide. Sukari na hawa a jini, jakar ta buɗe su fito tare, ɗaya da ɗaya. Insulin na kwalba ba shi da wannan guntu, don haka yawansa a jininka shi zai nuna wa likitanka ko jikinka na yin nasa har yanzu. Kada ka tsayar da allura kafin ya ga sakamakon. Na sha karɓar waɗanda suka tsayar don gajiya, a sume ake kawo wasu.

Tambaya: Na haihu a asibiti, ranar aka yi wa jaririn allurar bitamin K. Surukata ta ce lafiyarsa ƙalau, allurar ta mece ce? (Mai jego, Kano)

Amsa: Barka, Allah ya raya. Ki gaya wa Mama allurar kariya ce. Hanta ce ke ƙera furotin ɗin da ke sa jini ya daskare, kuma huɗu daga cikinsu, masu lamba 2 da 7 da 9 da 10, sai an yi musu wani gyara a ER kafin su yi aiki. Gyaran ba ya yiwuwa sai da bitamin K. In babu shi za a fitar da su cikin jini, amma kamar kwaɗo ne da ba ya kullewa. Jariri kan zo da bitamin K kaɗan, domin ba ya ratsa mabiyiya sosai, nono ma ba shi da yawansa. Jinin da ake tsoro shi ne na cibiya, na hanji, da mafi muni na cikin ƙwaƙwalwa. Allura ɗaya a cinya ta wadatar. Tunda zancen ya zo: cire beli da ake kiran wanzami ya yi a makon suna ba na goyon bayansa ko kaɗan, da allura ko babu.

Tambaya: Ƙusa mai tsatsa ta soke ni a gona. Tsatsar ce ke kawo tsinkau-tsinkau? (Manomi, Gusau)

Amsa: Ba tsatsar ba ce, ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ƙusar ta tura ta ciki. Dafinta yana bin jijiya har laka, ya yanke furotin ɗin da ke sa jakunkunan saƙo na jijiya su buɗe. Saƙon da ya toshe shi ne mai ce wa tsoka ta saki, shi ya sa muƙamuƙi ke ƙagewa, baya ya sandare. Ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ka cusa toka ko ƙasa, ka je asibiti yau. Ka faɗa musu yaushe rabonka da rigakafin. In ya haura shekara biyar, ko ba ka tuna ba, za su yi maka.