Me ya sa Cameron ya yabi Brown a 2010?

Malam, ka ce ka rasa gane yadda David Cameron ya yabi Gordon Brown ranar 11 ga Mayun 2010, ranar da ya gaje shi a matsayin firaministan Birtaniya, bayan caccakar da suka sha yi wa juna lokacin kamfe. Al'adar siyasar Birtaniya ce, mai karɓar mulki yakan jinjina wa wanda ya gada.

Amma ni a ganina har da lissafi. Jam'iyyar Conservative ta Cameron ba ta kai kujeru 326 da ake buƙata don samun rinjaye a majalisa ba, dole ta haɗa gwamnati da Liberal Democrats masu kujeru 57, shugabansu Nick Clegg ya zama mataimakin firaminista. Su kuwa Liberal Democrats sai da suka tattauna da Labour, jam'iyyar Brown, ma. Zagin Brown a daren nan zai iya ɓata wa sababbin abokan tafiyarsa rai.