Ƙanwata ta yi wata huɗu ba ta faɗa ba, shin mun makara?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ƙanwata ’yar shekara 21 tana tsaron shagon kayan kwalliya na wani mutumin unguwarmu. Wata huɗu ke nan ta bar aikin, ba ta ce ga dalili ba. Sai makon jiya ta gaya wa yayarmu cewa ya kulle ta a sito ya yi mata fyaɗe. Abin ya ɗaure min kai, don masallaci ɗaya muke sallah da shi. Ta taɓa cewa ba ta son yadda yake tsayar da ita bayan magariba, na ce tsoron banza ne. Ba ta yi ihu ba, babu shaidu huɗu, ba a je asibiti ba. Danginsa sun turo mai unguwa da tayin Naira dubu 400 a rufe maganar. Mahaifinmu ya rasu, ni ne namiji babba. Zan iya karɓa in yafe a madadinta, tunda an ce lokacin ƙara ya wuce?

Amsa: Wa’alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ƙanwarka lafiya. Ban ji daga bakinta ba, ban ji daga ɓangarensa ba, kuma ba ka faɗi jiharku ba, don haka amsata ta tsaya kan abin da ka rubuto.

Ba ka da hurumin yafewa. Zamanka babba yana ba ka girma a gida, amma ita baliga ce mai hankali, haƙƙin nata ne. Ita ɗin ma, bisa tsarin da jihohin Arewa suka gada, fyaɗe ba ya cikin laifukan da akan sasanta a janye. Idan magana ta isa hukuma, gwamnati ce mai ƙara. Takardar da za ku sa wa hannu a zauren mai unguwa ba za ta hana a gurfanar da shi gobe ba, kuma karɓar kuɗi da sharaɗin a ɓoye mai laifi yana iya zama wani laifin a kanka. Su waɗanda suka turo tayin ina kyautata zaton sun san haka. Kariyar ɗan’uwansu suke nema, kai ne za a bari riƙe da takarda.

Wanda ya ce maka lokaci ya wuce bai faɗi daidai ba. Final Kod, wato kundin dokar laifuka na jihohin Arewa, bai sa wa ƙarar fyaɗe wa’adi ba. Jinkiri dai yana rage ƙarfin hujja, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai tambaye ta me ya sa ta yi shiru. Tambaya ce mai amsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai ga shi a Yunin 2020 Sufeto Janar na ’yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce ƙorafin fyaɗe 717 ne ya iso ga ’yan sanda a faɗin Najeriya daga Janairu zuwa Mayu. Ka dubi tazarar. Shirun ƙanwarka shi ne abin da akasarin mata suke yi.

Na daɗe a kan layin da ka ce ka kira tsoronta na banza. Ba don in ɗora maka laifi ba, sai don a nan ne amsar jinkirin take. Namiji idan aka ce masa haɗari, ɗan daba yake hangowa a lungu da dare, ko ɓarawon waya. Mace kuwa tana lissafin abin da kai ba ka taɓa yi ba: wane ne ya rage a shago bayan an sauke ƙofa, ko sakatar sito ta ciki ce, me ya sa kullum ita ake cewa ta tsaya lissafin ciniki. Kai sahun sallah ka sani da shi, ita kuwa ta san shi a matsayin mai biyanta albashi da ke riƙe da makulli. Mafi yawan irin wannan ta’asa daga wanda aka sani take zuwa. Yarinyar da ta kawo ƙaramin kuka aka ce mata tsoron banza ne, da wane ƙarfin gwiwa za ta kawo babban? Sannan ga tunanin wa zai aure ta, ga bakin unguwa, ga tsoron a ce ita ta kai kanta.

Dokar ba ta nemi ihu ba. Sashe na 282 na Final Kod ya ƙirga fyaɗe idan an yi ba da son mace ba, ko ba da yardarta ba, ko an samu yardar ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni. Sashe na 283 ya tanadi hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin rai da rai. Wasu jihohin sun sake rubuta nasu, kamar Kaduna da ta tsananta hukunci a 2020, wasu kuma sun ɗauki dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda ta umarci kotu ta yanka wa wadda aka zalunta diyya. Lambar sashe na iya bambanta a jiharku, sai lauyanku ya duba. Shiga shagon da ƙafarta aiki ne ya kai ta, ba yarda ba ce.

Shaidu huɗu kuwa zancen haddin zina ne. A Babbar Kotun Jiha ba a buƙatarsu. Alƙali zai saurari bayaninta, ya nemi abin da ke ƙarfafa shi. Shi ya sa nake jan kunnenku kada ku garzaya kotun Musulunci ko wata hukuma ku furta zargin ba tare da shawarar lauya ba, don idan mutumin ya musanta, maganar tana iya juyewa zuwa ƙazafi a kanta. Haka nan kada ka rubuta sunansa a Facebook, kada kuma samarin unguwa su taɓa shi ko shagonsa. Ƙarar ɓata suna yake jira.

Abin da ya rage na hujja bayan wata huɗu, a tattara shi yau. Saƙonnin waya da na WhatsApp, kada ta goge ko ɗaya. Ranar da ta daina zuwa aiki. Yayarku da ta fara gaya wa. Wata yarinyar da ta taɓa tsaron shagon ta bari ba zato, idan akwai. Shi kansa tayin dubu 400 ɗin, a rubuta wa ya zo, yaushe, me ya ce. Ba lallai kotu ta ɗauke shi amsa laifi ba, amma mai bincike zai so ya ji shi. Asibiti kuma a je ko da ba za a yi ƙara ba. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, wannan ya wuce, amma gwajin ciki da na cututtuka da ganawa da mai kwantar da hankali suna nan. Akwai cibiyoyin da aka ware don haka, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato.

Hanyar ƙara sananniya ce: ’yan sanda, sashen manyan laifuka, shawarar Ma’aikatar Shari’a, sai Babbar Kotu. Ba zan ɓoye maka ba, tana iya cin shekaru, kuma babu lauyan kirki da zai yi muku alkawarin nasara ba tare da rahoton likita na lokacin ba. Za a yi mata tambayoyi masu zafi, ko da yake sashe na 234 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a tono tarihinta da wasu maza sai da izinin kotu.

Sulhu yana da wurinsa, amma a kan abin da doka ta yarda a sasanta: albashinta idan ya riƙe, kuɗin magani, diyyar da ita kanta za ta iya nema ta ƙarar neman haƙƙi, da rubutaccen alkawarin shi da danginsa ba za su tunkare ta ko su yaɗa magana ba. A yi shi gaban lauya, da saninta, kuma kada a sa sharaɗin ba za ta kai ƙara ba. Idan sun ƙi sai da wannan sharaɗin, ku tashi daga zaman.

Ka gaya wa mai unguwa cikin ladabi cewa ba ku karɓa ba, ba ku kuma yanke komai ba tukuna. Ka gaya wa ƙanwarka ka yarda da ita, da bakinka, ba ta bakin yayarku ba. Sannan cikin makon nan yayarku ta raka ta asibiti, daga nan ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan’adam da ke jiharku, a bar ta ta gana da lauya ita kaɗai kafin kowa ya tambaye ta me ta zaɓa.